Lorena Ochoa ta ajiye sanda tana ta ɗaya a duniya: riba ta ci ko asara?

Maman Khalil:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun shekaranjiya muke wata gardama da maigidana, har yau ba ta mutu ba, shi ne na ce bari in kawo ta nan tunda akwai masu bin ƙwallon lambu, wato golf, a cikinmu. Maganar Lorena Ochoa ce, 'yar ƙasar Meziko. Ga wanda bai san ta ba, an haife ta a birnin Guadalajara a watan Nuwamban 1981, ta shiga gasar ƙwararrun mata ta Amurka, wato LPGA, a 2003, ta ci kofi 27, sannan a watan Afrilun 2010 ta tara 'yan jarida ta ce ta daina. Shekararta 28 a lokacin, kuma ita ce ta ɗaya a duniya. Ba rauni ta ji ba, ba kuma korarta aka yi ba. Maigidana ya ce ta yi wa kanta da wasan asara, domin da ta ƙara shekara goma da yanzu ba a kiran sunan kowa kafin nata. Ni kuma na ce abin da ta yi a shekara bakwai ya isa, kuma ita ta san abin da take nema a rayuwa. Me kuka gani?

Nura Injiniya:
Wa alaikumus salam. Anti, ki yi haƙuri amma ina bayan Yaya a nan. A wannan wasan manyan gasa su ne ma'auni, kuma guda biyu kacal ta ci. Annika Sörenstam ta ƙasar Suwidin tana da 10, da kofuna 72 na LPGA. Karrie Webb ta Ostareliya tana da 7. Inbee Park ta Koriya ta Kudu ma 7. Idan muka koma baya, Mickey Wright 13, Patty Berg 15. Ina za a sa mai biyu a cikin waɗannan? Gwana ce, ban musa ba, amma ta sauka daga mota tun ba a kai tasha ba.

Ummi:
Don Allah ni sabuwa ce a harkar, ina dai gani a talabijin in Baba yana kallo. Mene ne bambancin babbar gasa da sauran? Kuma na ga kamar mai ƙaramin maki ne yake cin wasa, abin yana ɗaure min kai.

Malam Isa:
'Yata Ummi, bari in yi miki bayani, domin na yi shekaru ina ɗaukar jakar sanduna a filin golf na Kaduna tun ina saurayi. Fili yana da rami 18. Kowane rami an ƙayyade masa adadin bugun da ya kamata ƙwararre ya yi kafin ƙwallo ta faɗa, wani uku, wani huɗu, wani biyar. Idan an haɗa duka yakan kama 70 zuwa 73. Duk bugun da kika yi ana ƙirgawa, in ƙwallo ta faɗa ruwa kuma a ƙara miki ɗaya na tara. Don haka mai ƙarancin bugu shi ne gwani. Babbar gasa kwana huɗu ake yi, rami 72 ke nan. A zamanin Lorena manyan gasa huɗu ne a shekara, yanzu sun zama biyar tun da aka ƙara ta Evian a Faransa a 2013. A nan ne duk gwanaye suke haɗuwa, a nan ake tsananta fili, a bar ciyawar gefe ta yi tsawo, a aske ta wajen rami har ƙwallo ta riƙa gudu kamar a kan siminti. Wanda ya ci ta, sunansa ya zauna.

Amma Nura, ƙirgen da ka yi gaskiya ne, sai dai bai cika ba. Ka ƙirga shekaru ma. Annika ta fara a 1994 ta daina a ƙarshen 2008, shekara 15 ke nan. Lorena cikakkun shekaru bakwai ta yi. Daga 2006 zuwa 2008 kaɗai ta ci kofi 21: shida a 2006, takwas a 2007, bakwai a 2008. Duk wanda ya taɓa riƙe sanda ya san cin kofi ɗaya a shekara ma ba ƙaramin abu ba ne, domin mutum sama da ɗari ake karawa da su a mako guda, ba mutum ɗaya ba kamar dambe.

Nura Injiniya:
Baba Isa, na yarda da lissafinka. To amma ka duba lokacin da ta hau. An fara jerin gwanayen mata na duniya a Fabrairun 2006, Annika ce a sama. Lorena ta karɓe a Afrilun 2007, a daidai watan da aka gano Annika tana da matsala a ƙashin baya ta tafi jinya. Shekara ta zagayo Annika ta ce za ta yi ritaya. Ashe ba sai da giwa ta kwanta ba ne aka samu hanya?

Malam Isa:
A'a ɗana, a nan kam ka zame. Koma 2006, lokacin Annika lafiyarta ƙalau, har ta ci babbar gasar Amurka ta mata a shekarar. Shekara biyar a jere, daga 2001 zuwa 2005, Annika ce gwarzuwar shekara ta LPGA. Wa ya katse mata? Lorena, a 2006. Kuma a watan Oktoban shekarar, a gasar Samsung da aka yi a Kalifoniya, an shiga ranar ƙarshe Annika tana gaba da bugu uku, su biyu suka fita tare, Lorena ta buga 65 ta wuce ta a gaban idonta. Wannan ba gadon kujera ba ne, ƙwacewa aka yi da rana tsaka.

Hajiya Rabi:
Ni abin da ya sa nake son yarinyar nan ba kofunan ba ne, yadda ta sha ƙasa ta tashi ne. Na daɗe ina bin wasan tun muna zaune a waje da marigayi. Mutane suna tuna nasarorin su manta cewa an yi shekaru ana cewa ba ta da zuciyar ƙarasa babbar gasa.

A 2005, a babbar gasar Amurka da aka yi a filin Cherry Hills na jihar Kolorado, ta zo rami na ƙarshe tana cikin waɗanda za su iya ɗaukar kofin. Ramin na bugu huɗu ne, ga tafki shimfiɗe a gaba. Bugunta na farko ya tafi kai tsaye cikin ruwa. Ta ƙare ramin da bugu takwas. Birdie Kim ta Koriya ce ta ci, da jimillar 287, bayan ta ɗago ƙwallo daga ramin yashi ta faɗa rami kai tsaye. Lorena ta ƙare da 291. Ku cire huɗun nan da ta zubar ku ga inda take. Na ga fuskarta a ranar, wallahi sai da na ji kamar 'yata ce.

Shekara ta zagayo, a babbar gasar Kraft Nabisco ta 2006, ranar farko ta buga 62, wanda ya yi daidai da mafi ƙarancin bugu da aka taɓa yi a babbar gasar mata a lokacin. Kowa ya ce shi ke nan, ta ɗauka. Ranar ƙarshe Karrie Webb ta jefa ƙwallo daga nesa, sama da yadi ɗari, ta faɗa ramin ƙarshe. Lorena ta zo daga baya tana buƙatar ƙarasa wannan rami mai bugu biyar da bugu uku kafin ta kamo ta, kuma ta yi. Aka je bugun raba gardama, Webb ta cinye. A 2007 kuma, a babbar gasar Amurka da aka yi a filin Pine Needles, Cristie Kerr ta sha gabanta ta zo ta biyu. Sau uku ke nan tana leƙa kofi yana kuɓucewa. Wata da tuni zuciyarta ta karye.

Ummi:
Ikon Allah. To Hajiya yaushe ta samu ta ci?

Hajiya Rabi:
Bayan wata ɗaya da na Pine Needles, 'yata. Watan Agustan 2007, a babbar gasar Birtaniya da aka yi a St Andrews ta ƙasar Sikotilan. Malam Isa ya fi ni sanin darajar wurin, shi ya kamata ya faɗa.

Malam Isa:
Hajiya, St Andrews ai ita ce mahaifar wasan. Ɗaruruwan shekaru ake buga golf a wannan fili na bakin teku. Mu da muke kadi, wato masu ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna, duk wanda ya zo daga Ingila sai mun tambaye shi ko ya taɓa taka shi. Babu bishiyoyi, sai iska mai kaɗa ƙwallo yadda ta ga dama, da ramukan yashi masu zurfi da mutum kan shige ba a ganin kansa. Kuma har zuwa 2007 ba a taɓa yin gasar ƙwararrun mata a wannan tsohon fili ba. Ƙungiyar da ke da babban ginin nan na bayan rami na 18 ma ba ta karɓar mata a matsayin mambobi a lokacin, sai a 2014 suka kaɗa ƙuri'ar amincewa. To ranar da aka buɗe wa mata ƙofa, wadda ta fara ɗaga kofi a wurin ita ce Lorena. Ranar farko ta buga 67, daga nan ba wanda ya sake shan gabanta har aka tashi. Ta ƙare da 287, ta ba Maria Hjorth da Jee Young Lee ratar bugu huɗu. Ku lura, a kwana ukun da suka biyo baya 73, 73 da 74 ta buga. Mai kallon lamba kawai zai ce ta yi sanyi, amma wanda ya san abin da iska da ruwan sama suke yi a wurin ya san riƙe wannan lamba aiki ne. Ba ta yi gangancin neman burgewa ba, ta bi a hankali ta kauce wa ramukan yashi, ta bar sauran suna faɗawa.

Shi ya sa Nura idan ka ce biyu kacal, nake cewa ka duba wace biyu.

Nura Injiniya:
Na ji, ta St Andrews ta daban ce. Amma ai wannan ne ma yake ƙara min takaici. A farkon 2008 babu mai iya tsayawa gabanta. Ta je Singafo ta ci da ratar bugu 11. Ta dawo ta ci gasa huɗu a mako huɗu a jere: Safeway, sai Kraft Nabisco da ratar biyar, sai Corona a garin Morelia na ƙasarsu da ratar 11 kuma, sai Ginn a Fulorida. Mutumin da yake irin wannan yana da shekara 26, ya za a yi bayan shekara biyu ya ce ya gaji? Golf ba ƙwallon ƙafa ba ce da gwiwa ke ƙarewa a 33. Juli Inkster ta ci manyan gasa huɗu bayan ta wuce 38, kuma tana da 'ya'ya biyu. Catriona Matthew ta ci babbar gasar Birtaniya a 2009 makonni 11 bayan ta haihu. Ashe ana iya haɗa iyali da wasa.

Maman Khalil:
Nura, ana iya haɗawa, amma ba kowa ke so ba, kuma ba kowa ke iya raba zuciyarsa biyu ba. Kai kana ganin kwana huɗun da ake nunawa a talabijin ne. Ka tuna gasar nan yau tana Tailan, mako mai zuwa Singafo, sannan Amurka, sannan Turai, sannan Japan da Koriya. Rabin shekara mutum yana otal. Ita kuma tun tana shekara biyar take riƙe da sanda, gidansu yana jikin filin golf na Guadalajara. Ta ci gasar yara ta duniya sau biyar a jere tun ba ta balaga ba. Ta je Jami'ar Arizona, a shekararta ta biyu ta ci gasa takwas cikin goma. Idan ka ƙirga daga shekara biyar zuwa 28, shekara 23 ta yi tana abu ɗaya. Ma'aikacin gwamnati ma a 35 yake ajiyewa. Ta yi aure a Disambar 2009, ta fita gasannin farko na 2010 a Asiya, ta ce a can ta gane zuciyarta ba ta wurin, gida take so. Ni a ganina faɗin wannan gaskiyar ya fi a ci gaba da jan ƙafa ana zuwa ta ashirin ana zuwa ta talatin don kawai kar a ce an daina.

Alhaji Garba:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ina so in ɗan goyi bayan Nura ta wata fuska da bai taɓo ba. Ni ba ita nake tausaya wa ba, wasan nake tausaya wa. Ku tuna halin da LPGA take ciki a lokacin. Tattalin arzikin duniya ya karye a 2008, kamfanoni suna janye tallafi, gasanni suna raguwa, har 'yan wasa suka matsa shugabar hukumar, Carolyn Bivens, ta sauka a 2009. Annika ta tafi a ƙarshen 2008. Ba a yi shekara biyu ba Lorena ta bi ta. Gida ne ya rasa ginshiƙi biyu a lokacin da ake ruwa da iska. Bayan tafiyarta, a cikin 2010 kaɗai matsayi na ɗaya ya yi ta yawo tsakanin Jiyai Shin da Ai Miyazato da Cristie Kerr, sai da Yani Tseng ta zo a 2011 sannan aka samu mai riƙewa. A ƙasarta kuwa, an kai lokacin da ake gasar LPGA har uku a Meziko a shekara guda, kuma kowa ya san albarkacinta ne. Bayan ta tafi suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda Allah ya ɗaga, akwai haƙƙin jama'a a wuyansa.

Hajiya Rabi:
Alhaji, maganarka tana da nauyi, amma haƙƙin jama'ar nan ai ta sauke shi ta wata hanya. Tun tana tsakiyar wasa ta kafa gidauniya da ke ɗaukar nauyin wata makaranta mai suna La Barranca a gefen Guadalajara, ta 'ya'yan marasa ƙarfi, kuma ba suna kawai ta bayar ba, tana zuwa da kanta. Lokacin da ta ajiye sanda ta ambaci wannan aikin a cikin dalilanta. Sannan ka duba waɗanda suka taso a bayanta. Gaby López ta ci kofin LPGA a 2018, ita ce 'yar Meziko ta biyu da ta yi hakan bayan Lorena. Ga María Fassi. A maza ma Carlos Ortiz daga fili ɗaya suka fito da ita a Guadalajara. Ƙasar da ƙwallon ƙafa da dambe kawai aka sani, yarinya ɗaya ta sa mutane suka san akwai wani wasa wai shi golf.

Malam Isa:
Hajiya kin taɓo inda yake min daɗi. Bari in faɗi abin da ya sa mu ƙananan ma'aikatan fili muke ganin girmanta. A Amurka, yawancin masu yankan ciyawa da ban ruwa da gyaran ramukan yashi mutanen Meziko ne da maƙwabtansu. Su ne ke fitowa tun duhun asuba, kafin 'yan wasa su iso sun gama sun ɓace, ba mai sanin da su. Lorena in ta je gasa takan nemi rumfarsu, ta gaishe su da harshensu, ta yi musu godiya, wani lokaci ta zauna ta karya kumallo da su. Ni na san abin da wannan yake nufi. Na ɗauki jaka ga mutanen da za mu yi awa huɗu muna tafe a rana ba su tambayi sunana ba, sai dai su miƙo hannu in sa musu sanda. Na kuma ɗauka ga waɗanda har yau in na tuna su nake musu addu'a. Ranar da ta ci Kraft Nabisco a 2008, al'adar gasar ita ce mai nasara ta yi tsalle cikin tafkin da ke gefen rami na 18. Ita ba ita kaɗai ta faɗa ba, iyayenta da 'yan'uwa da abokai duk suka bi ta, makaɗan gargajiyar ƙasarsu suna busa a bakin ruwa. Ba a taɓa ganin tafkin ya cika haka ba.

Nura Injiniya:
Duk wannan halin kirki ne, Allah ya saka mata. Amma muhawararmu a kan matsayinta a tarihin wasa ne. Ita kanta LPGA ai ba ta sa ta a zauren fitattunta ba sai bayan shekara 12.

Alhaji Garba:
A nan kuma zan rabu da kai, Nura. Wannan laifin doka ne, ba nata ba. Tsarinsu maki 27 ake nema: ɗaya a kowane kofi, biyu a babbar gasa, ɗaya ga gwarzuwar shekara, ɗaya ga kofin Vare na mai mafi ƙarancin bugu a shekara. Ta cika 27 tun Afrilun 2008 a Morelia, a gaban mutanenta. Ta daina tana da 37, domin gwarzuwar shekara sau huɗu ta ci a jere daga 2006 zuwa 2009, kofin Vare ma haka. Abin da ya tare ta sharaɗin cewa sai an yi shekara goma ana wasa. Zauren fitattun golf na duniya ya karɓe ta a 2017, sannan a 2022 LPGA ta soke sharaɗin shekara goman ta shigar da ita. Wato su ne suka gyara dokarsu, ba ita ta dawo ta cika musu ba.

Kuma in lamba kake so, ga wata. A 2007 ta tara dala 4,364,994 a kakar wasa ɗaya, mace ta farko da ta haura miliyan huɗu, har ma miliyan uku. Duk da yadda kuɗin gasa ya yi ta hauhawa, wannan tarihi ya yi shekara 17 ba a karya shi ba. Lydia Ko ta zo dab a 2022, dala ɗari biyar da wani abu ya rage mata. Sai a 2024 Jeeno Thitikul ta Tailan ta wuce shi, ita ma don kofin ƙarshen shekara kaɗai ya ba ta miliyan huɗu.

Ummi:
To mako nawa ta yi tana ta ɗaya? Na ga wani wuri an ce wata 'yar Koriya ta wuce ta.

Alhaji Garba:
Mako 158 a jere, 'yata, daga Afrilun 2007 har ta ajiye a Mayun 2010. Jin Young Ko ta wuce ta a jimilla a 2023, amma ita hawa da sauka ta yi ta yi, ba a jere ba. Abin sha'awa, kadin da ke ɗaukar wa Ko jaka a lokacin, David Brooker, shi ne ya ɗaukar wa Lorena a shekarun da take kan ganiyarta.

Malam Isa:
Ka ga ni ma an zo gidanmu. Kadi ba ɗan dako ba ne kawai. Shi ke auna nisa, ya karanta iska, ya duba gangaren ƙasa, ya san lokacin da zai yi magana da lokacin da zai yi shiru. Mutum ɗaya ya raka mata biyu zuwa wannan matsayi, ba banza ba.

Nura Injiniya:
To bari in faɗi abin da nake ganin kowa yana kauce masa. A 2009 ta fara raguwa. Kofi uku kawai ta ci, babu babbar gasa, kuma gwarzuwar shekara da maki ɗaya tak ta tsere wa Jiyai Shin, a ranar ƙarshe ta kakar wasa. 'Yan Koriya suna ta ɓullowa, Yani Tseng tana tasowa. Anya ba ta hango abin da ke tafe ba ne ta fita tun da mutuncinta?

Maman Khalil:
Ko da haka ne, Nura, mene ne aibin? Amma ni ina ganin ka juya abin ne. Ba raguwar ce ta sa zuciyarta ta bar wasan ba, zuciyar ce ta fara barin wasan shi ya sa aka ga raguwar. Mace tana shirin aure, tana tunanin inda za ta zauna, ga makaranta a wuyanta, ga gasar da aka sa wa sunanta a Guadalajara tun 2008 wadda ita ce mai masaukin baƙi. Duk da haka ta ci uku ta kuma riƙe matsayinta. Shekarar da kake kira ta rauni, wasu ƙwararrun har su gama rayuwarsu ba su samu irinta ba.

Hajiya Rabi:
Kuma abin da yake ɗan sosa min rai, Bobby Jones na Amurka ya daina gasa a 1930 yana da shekara 28 daidai, bayan ya ci manyan gasa huɗu na zamaninsa a shekara ɗaya. Har yau yabonsa ake yi, ana cewa ya san lokacin tafiya. Ban taɓa jin an ce tsoro ya ji ba. Me ya sa in mace ce sai a fara neman wani dalili a ɓoye?

Nura Injiniya:
Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ba don tana mace na faɗa ba. Jones ya tafi da manyan kofuna 13, babu sauran abin da zai nema. Ita kuwa ba ta taɓa cin babbar gasar Amurka ba, ba ta ci babbar gasar LPGA Championship ba, wadda a 2008 bugu ɗaya ya hana ta shiga raba gardama. Sannan golf ya dawo gasar Olamfik a 2016 a Rio, Inbee Park ta ɗauki zinare. Lorena tana da shekara 34 a lokacin. Ku yi tunanin a ce ita ce ta ɗaga tutar Meziko a Latin Amurka. Ni masoyinta ne, shi ya sa abin yake min ciwo. Da ban damu da ita ba da ban tsaya ina ƙirga abin da ta bari ba.

Hajiya Rabi:
Na fahimce ka yanzu, ɗana. Wannan ciwon ni ma ina da shi. Gasarta ta ƙarshe a Morelia, farkon Mayun 2010, na zauna na kalla har ƙarshe. Ta zo ta shida, Ai Miyazato ta ci, wadda ita Lorena da kanta ta nemi a haɗa su fita tare a kwanakin farko. Da ta iso rami na 18 mutane suna ta kaɗa fararen ƙyallaye, ita tana share hawaye. Ni ma sai da na tashi na shiga ɗaki.

Maman Khalil:
Na karanta wa maigidan duk abin da kuka rubuta. Ya ce a gaya wa Baba Isa ya karɓi maganar 2006, bai san ta doke Annika gaba da gaba ba. Amma a kan Olamfik yana nan tare da Nura, bai matsa ba.

Ummi:
Baba Isa, tambaya ta ƙarshe don Allah. Ƙanwata shekararta tara, tun da na nuna mata bidiyon St Andrews ɗin nan take damuna. A nan Kaduna ana barin yara mata su koya? Kuma sai an sayi sandunan nan duka?

Malam Isa:
Ba sai an saya duka ba, 'yata. Ƙwararru 14 suke ɗauka, amma mai koyo sanda biyu sun ishe ta: ƙarfe mai lamba bakwai da ta gangara ƙwallo cikin rami. Sai dai a samu gajeru daidai tsawonta, kar a ba ta na manya su lalata mata tsayuwa. Ku je da Babanku da yamma a ranar aiki, lokacin da fili ba cunkoso, ku nemi mai koyarwa ko shugaban kadi ku yi masa bayani. Ta fara da gangarawa a kusa da rami tukuna, wata guda ko biyu, kafin a bar ta ta ɗaga sanda sama. Ki turo min saƙo ta gefe, akwai wata tsohuwar sanda a wurina da zan sa a rage mata tsawo.